Rakiyar Barde Daga Paris Zuwa Lyon

Goutte d'Or, kafin gari ya waye

Ranar Asabar, ina sallame sallar asuba na saɓa ƴar jakata na sauko daga hawa na huɗu. Gari da sauran duhu, sanyi na cizon kunne duk da watan Mayu muke ciki. A ƙofar kantin Alhaji Mamman, can ƙasan layinmu, na tarar da Dogo yana loda wa motarsa kaya: kwalayen doya, buhunan busasshen kifi, kuka, daddawa, da kwali biyu na kilishin da wani Ba'adare ke yi a nan bayan gari. Dogo mutumin Maraɗi ne, duk ƙarshen mako shi ke kai wa masu kantunan Lyon kayan miya. Sunan kuwa na tsokana ne, da ƙyar kansa ke leƙo saman sitiyari.

"Malam Lawali, ina baƙon naka da ka ce za mu ɗauka?"

"Yana gaba, sai mun fita gari."

"Dattijo ne?"

"Dattijo ne ƙwarai. Kuma ba shi da yawan magana."

Allah ya sani ban yi ƙarya ba. Na dai jira har muka hau babban titin nan da ya yi wa Paris ƙawanya, inda ba a tsayawa balle a sauke mutum, sannan na gyara murya na ce masa baƙon kare ne. Saura ƙiris mu gogi wani kamyo, babbar motar kaya.

"Inna lillahi! Kare? A motata? Da kilishin mutane a baya? Haba Malam Lawali, kai da nake ganin girmanka! Wa ya taɓa ba kura ajiyar nama?"

Na ce ya riƙe sitiyarinsa da kyau ya ba ni aron kunne. Ku ma na gida ku saurara, kada gobe a ce Lawali ɗan Damagaram ya daɗe a Turai har ya fara kiwon kare.

Yadda kare ya samu lambar tarhona

Na yi shekaru ina saukar baƙi. Duk ɗan Nijar da ya faɗo Paris ba shi da wurin kwana, cewa ake yi a kai shi wurin Lawali. Da yake kuma ba na sauya gida, ba na sauya tarho, kowa adireshina da lambata yake rubutawa a takardunsa. Cikin waɗanda suka zauna da ni har da Malam Isufu, mutumin Tawa, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Iyalinsa na Lyon, amma da masana'antar da yake aiki ta rufe sai ya zo Paris ya kama gadi da kare. Sana'a ce a nan: kai da karenka ku kwana tsaron wurin gini ko sito, kuma karen naka ne, kai ke ciyar da shi. Sharaɗi ɗaya na kafa masa tun ranar farko, kada dabbar nan ta taka min matakala. Ya kiyaye. Shekara da shekaru karen na kwana a kejinsa can wurin aiki, ko kalarsa ban sani ba.

Da hawan jini ya matsa wa Malam Isufu ya ajiye aiki zai koma Lyon, sai ya yi abin da kowanenmu zai yi da akuya a kasuwar ƙauye. Ya miƙa wa wani abokin aikinsa igiya, suka yi musafaha, aka ce Allah ya sa albarka. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Bai jima da komawa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi.

Sai ranar Talata da yamma tarhon gida ya yi ƙara, na ɗauka na ji Baturiya.

"Monsieur, mun yi ta neman ka. Mun tsinci karenka."

Na ce, "Madame, ni ko kyanwa ba ni da ita."

Ta karanto min sunan Malam Isufu, da adireshina har hawa na huɗu. Ashe a ƙasar nan akwai wata ƴar ƙwaya kamar ta shinkafa da likitan dabbobi ke soka wa kare a ƙarƙashin fatar wuya, su suna ce mata pus. Lamba ce a cikinta, lambar kuma ta kai ka ga sunan mai shi da inda yake. Igiya ta sauya hannu, amma ƙwayar ba wanda ya gaya mata an yi musafaha. An tsinci karen ɗaure a shingen wani wurin gini da aka gama, wanda aka ba amanar ya yi ɓatan dabo, aka kai shi gidan da ake tsare ɓatattun dabbobi.

Matar ta ce doka ta ba mai kare kwana takwas na aiki ya zo ya karɓi abinsa, kuma wa'adin na cika ranar Litinin. "In ya wuce, ƙananan karnuka masu kyan gani mukan samar musu sabon gida. Amma tsohon karen gadi mai shekara goma sha ɗaya, ƙato, kuma kurma, don ko sunansa aka kira ba ya waiwayowa..." Ba ta ƙarasa ba, amma na gane, allurar mutuwa take nufi.

Na kira Zainabu, ƴar Malam Isufu. A Lyon aka haife ta, ma'aikaciyar jinya ce, Hausarta ba ta wuce "lafiya lau" ba, don haka da Faransanci muka yi magana. Ta sa uban ya sa hannu da hagu a takardar wakilci, ta aiko min. Ta ce, "Tonton, kawo shi Papa ya gan shi. Amma ban yi alkawarin komai ba."

Dogo ya ji ƙarshen labari ya ja tsaki. "To in can ma ba mai karɓa fa?"

"Mu dawo da shi gobe, in sa musu hannu."

Da muka ƙara gaba ya ce, "A baya zai zauna. In ya taɓa kilishin nan kuwa, kai da Alhaji."

Gidan karnuka

Wurin na kudu da Paris, tsakanin gonaki da wasu sitoci. Muka iso tun ba su buɗe ba, haushi na tashi ta ko'ina. Dogo ya ƙi fitowa, har gilashi ya ɗaga. Ƙarfe tara wadda ta kira ni ta buɗe ƙofa, Madame Odile, doguwa mai takalmin roba har gwiwa. Ta kai ni keji na ƙarshe. Ga shi nan kwance, jan kare mai baƙin baki, furfura ta fito masa a haɓa, haƙarƙari duk a waje. Sauran karnuka na ta tsalle suna tallan kansu, shi ko kai bai ɗaga ba.

"Bandit! Bandit, viens!" Shiru. Ta dube ni. "Ka gani?"

Sunan da ke takarda ke nan, wanda mai sayarwa ya raɗa masa tun yana kwikwiyo. Na tuna Malam Isufu ya taɓa cewa shi ba zai kira abokin gadinsa ɗan fashi ba, Barde yake ce masa. Amma na ja bakina na yi shiru, ni da kare ba hira muke ba.

Ta ɗauko wata na'ura kamar ƙaramar rediyo ta shafa masa a wuyan hagu, ta yi tit, lambobi suka jeru. Ta buga su a ordinatar, wato kwamfuta, sai ga ranar haihuwarsa, ga allurorin da aka yi masa, ga lambar tarhona ɓaro-ɓaro. Na ce ikon Allah! Ni da nake ɗan Adam, takardar haihuwata cewa ta yi an haife ni wajejen shekara kaza, amma ga kare an san ranarsa da watansa.

Ta sa masa takunkumi ta miƙo min igiya, na karɓa da yatsa biyu. Ai kuwa yana ganin ƙofa a buɗe ya figa. Ni da tumbina ya ja ni kamar buhun ƙaiƙayi, hulata ta yi nata wuri. Tsoro ya sa na manta a wace ƙasa nake.

"Kai Barde! Tsaya, ja'iri!"

Cak! Ya tsaya. Ya waiwayo, kunnuwa a miƙe, yana kallon bakina. Na ce, "Zauna." Ya zauna. Na ce, "Kwanta." Ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan takalmina.

Madame Odile ta dafe ƙirji ta ce me na ce masa? Na ce Hausa ce. Sai a lokacin na gane dabarar Malam Isufu: ya horar da shi da harshen da ɓarawon Paris ba zai iya ba shi umurni da shi ba. Ga kuma dogon dare, mutum shi kaɗai a kango, da wa zai yi hirar Tawa in ba da Barde ba? Ashe ba kurma ba ne, baƙo ne kawai irinmu.

Matar ta yi murna har da tafi. "To ai an gama! A cikin mutanenku za a samu mai so."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ce, "Madame, masu son kare ba su jin Hausa, masu jin Hausa kuma ba su son kare."

Kan hanya

Daga Paris zuwa Lyon kilomita ɗari huɗu da sittin ne da ƴan kai, motar Dogo kuwa ba ta san gaggawa ba. Muka ɗaure Barde a baya tsakanin doya da kifi, kwalayen kilishi kuma Dogo ya ce sai dai a kan cinyata. Ya karkata madubi ya saita shi a kan kare.

"Dogo, titi na gaba fa."

"Na san na gaba. Abin da ke baya ne ban sani ba."

Tsakanin Auxerre da Beaune azahar ta yi, muka ratse wurin hutawar matafiya. Matar Dogo ta ƙunso masa dambu da zogale da soyayyen nama, ga shayi a tarmus mai citta har da hawaye. Na cire wa Barde takunkumi na zuba masa ruwa a gwangwani. Dogo, daga nesa, ya wurga masa tsoka guda. Barde ko kallo.

"Ka ga ɗan rainin wayo! Ni zan ba shi nama ya yi min yanga?"

Na ce, "Gwada ce masa ci."

Dogo ya waiga hagu da dama kada wani ɗan Maraɗi ya gan shi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ci." Kafin ya rufe baki nama ya wuce. Ashe ba ya cin abin hannun kowa sai an ba shi izini, don kada ɓarayi su yi masa guba. Dogo ya dubi kwalayen da suka sa min ciwon cinya tun safe, ya dubi kare, ya ce, "Wallahi ya fi yaron motata na da amana."

Muka yi alwala muka ta da salla a kan ciyawa. Barde ya zo ya zauna can gefe, ya juya mana baya yana kallon masu wucewa, har muka sallame bai motsa ba. Da gani ya saba, haka yake yi wa maigidansa. Muna naɗe darduma sai ya sunsuni ƙafar wandon Dogo. Dogo ya daka tsalle yana salati, wai sai ya sake wando. Na ce malaminmu na Damagaram ya karantar da mu cewa a mazhabarmu kare mai rai ba ya ɓata tufa.

"Malamin naku ba a motarsa aka sa shi ba."

Amma da muka koma mota na lura ya mayar da madubi wajen titi. Kafin mu kai Mâcon ma har ya fara ba ni labarin karnukan farautar kakansa, waɗanda a cewarsa zomo na ganinsu yake miƙa wuya.

A peyajin Villefranche, inda ake biyan kuɗin hanya, ƴan duwan, wato kwastan, suka ɗaga mana hannu. Dogo ya ce, "Shi ke nan, yau ma sai an juya min doya ɗaya bayan ɗaya." Aka buɗe baya, Barde ya miƙe ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji, jami'in ya ja da baya. Na ce, "Bari!" Ya yi tsit. Suka nemi takardunsa, suka ga sunan ba nawa ba ne, na nuna ta wakilci. Wani mai gashin baki a cikinsu ya ce shi ma yana da irinsa a gida, ina za a kai shi? Na ce wurin maigidansa, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ya duba takardun kaya, ya leƙa kwali biyu, ya yi mana fatan alheri. Muna tashi Dogo ya ce, "Ashe dattijon naka na da rana."

Les Minguettes

Mun sha cunkoso a ramin motocin nan da ya huda tudun Fourvière, sai la'asar sakaliya muka isa unguwar, can kudancin Lyon, dogayen benaye jere da juna. Malam Isufu na hawa na tara. Na bar Barde a mota tare da Dogo, wannan karon ba gardama, na hau. Hajiya Rabi, matarsa, ta tarbe ni, muka gaisa tun daga gajiya da sanyi har mutanen Damagaram da ba ta taɓa gani ba. Sai da na sha ruwa sannan ta ce:

"Lawali, mutane na zuwa daga Paris da turare, kai ka zo min da kare?"

"Hajiya, amana ce ta biyo ni har ɗaki."

"Na ji. Amma ba zai hau benen nan ba. Ka san mala'ikun rahama ba su shiga gidan da ke da kare. Ni kuwa da majinyaci a ɗaki, ina bukatar mala'ikuna."

Wa zai ja da wannan? Ban ja ba.

Malam Isufu na kan keken marasa lafiya a bakin taga. Ƙaƙƙarfan mutumin da na sani ya koma rabi, hannun dama a lanƙwashe, baki ya karkace. Ciwon ya yi masa wata irin sata: Faransancin da ya yi shekara talatin yana yi ya share shi tas, ya bar masa Hausa kaɗai, ita ma kalma-kalma, da ƙyar. Zainabu na tsaye bayansa da rigar aiki. Kullum tana zuwa ta auna masa jini ta gyara masa matashi, amma ko ruwa zai ce ta ba shi sai uwar ta yi musu tafinta. Wannan ya fi ciwon ba ni tausayi.

Muka sauko da shi ta asansar, na'urar hawa da sauka bene, har filin ajiye motoci. Dogo ya buɗe baya, na cire takunkumi. Barde ya sauko a hankali irin na tsofaffi, ya ɗaga hanci, sai jikinsa ya hau ɓari. Malam Isufu ya yi ta kokawa da bakinsa, can ya ce, "Bar...de. Zo."

Na saki igiya, don ko ban saki ba da ni zai tafi. Bai yi tsalle ba, bai yi haushi ba. Ya je ya tura kai ƙarƙashin shanyayyen hannun nan, ya ɗaga shi da hanci har ya hau wuyansa, yana wani siririn kuka. Malam Isufu ya shafa haƙarƙarin da hagu, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya dube ni. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye. Dogo ya ce wai shi ƙasar doya ce ta shiga masa ido.

Bron

Zainabu a Bron take zaune, wata unguwa gabas da Lyon, a hawan ƙasa, da ɗan fili a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ta yarda Barde ya kwana can, dare ɗaya tak. Ni da Dogo muka ci tuwon semul da miyar kuka a wurin Hajiya, har da ƙari, muka je muka kwana a ɗakin wasu ɗalibai ƴan Nijar kusa da jami'a. Na tambaye su ko cikinsu akwai mai son kare mai ladabi, mai jin Hausa. Suka yi dariya har da riƙe ciki, kafin gari ya waye sun raɗa min Mai Kare.

Da hantsi na taka zuwa gidanta. Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa tana wanke gwiwa da magani. Ta fita da shi yawo, ya ga kyanwa, ya ja ta ƙasa.

"Na ce assis, na ce stop, na ce komai, kamar da bango nake. Tonton, ina son sa. Tun ina yarinya nake roƙon a saya min kare, Maman ta hana. Amma ba zan iya ba. In ya ja ni gaban taram, jirgin nan na kan titi, fa? In ya kama ɗan wani?"

"To ki faɗa masa da Hausa mana. Kalmomin ba su fi goma ba."

Ta girgiza kai, ta ba ni labarin da ban sani ba. Tana ƴar shekara tara aka kai ta hutu Tawa, ta buɗe baki ta gaida dangi, gida ya kwashe da dariya. Aka yi ta kwaikwayon muryarta har ranar da ta hau jirgi. Tun daga nan ta kulle bakinta. Ta ce, "Ina ji kaɗan-kaɗan. Amma in na zo faɗa, sai in ji dariyar nan a kunnena."

Na san irin dariyar sarai. Ta kira ƙawayenta biyu, ɗaya na da jariri, ɗaya na da kyanwa uku. Gidan karɓar karnuka na kusa suka ce a cike suke. Dogo kuma bayan azahar zai juya Paris. Na ce to, mu kai shi su yi sallama.

Sallama

Filin jiya muka koma. Dogo ya sauke kayan mutane, bayan mota a buɗe, wayam. Aka sauko da Malam Isufu, Hajiya ma ta sauko ta tsaya can nesa da mayafi a hanci. Na je na gaya mata a hankali yadda ake ciki. Ashe maigidan ya ji. Na zo karɓar igiya na tarar ya damƙe ta da hagu, jijiyoyin hannu sun tashi.

"Malam, a yi haƙuri."

Ko kallona bai yi ba. Ya miƙa igiyar wajen ƴarsa. "Zai...nabu. Riƙe." Wannan ta gane, ta riƙe. Ya ce, "Ce... zauna."

Ta dubi uwarta, ta dube ni, ta dubi tagogin mutane. "Papa, non..."

"Ce."

Ta faɗa, can cikin maƙoshi, a karkace. Barde ya langaɓar da kai yana kallonta. Wallahi dariya ta taso min har wuya, halinmu ne, sai na ji ƙafar Dogo a kan tawa da dukan nauyinsa. Na haɗiye abata.

Malam Isufu ya sake faɗa, shi da kowace kalma sai ta sa shi gumi. "Zau...na." Ta maimaita, kare na tsaye. Sai muka ji muryar Hajiya daga nesa, rabi Hausa rabi Faransanci:

"Ke, buɗe baki! Ba roƙonsa za ki yi ba. Yadda nake ce wa ubanki ya sha magani, haka za ki ce!"

Zainabu ta ja numfashi. "Barde! Zauna!"

Ya zauna daram.

Malam Isufu ya yi dariya da rabin baki, har kafaɗarsa na girgiza. Hajiya ta ce min daga baya rabonta da jin dariyar nan tun kafin ciwo. Ya ce kwanta, ta ce kwanta. Ya ce tashi, ta ce tashi. Zo, tsaya, bari, hau, sauka. Kare ya yi ta sama da ƙasa har ya fara haki, tsoho da shi. Da uban ya gaji ya yi shiru, sai ta durƙusa gaban keken, igiya a hannu, ta lalubo kalma da kanta ba tafinta. "Baba... sake."

Hajiya ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To, ya ba ki igiya, Allah ya sa albarka. Magana ta ƙare."

Na yi wuf na ce, "A'a, Hajiya! Igiyar nan ce ta kawo mu inda muke. Wannan karon sai an gaya wa ƙwayar nan ta wuyansa."

Dogo ya juya shi kaɗai, yana ƙorafin wai motar za ta yi masa faɗi. Kafin ya tashi ya zaro ƙunshin kilishi daga aljihu, wanda ya saya da kuɗinsa, ya tsuguna gaban Barde ya ce, "Ci, dattijo." Bai waiga ko'ina ba.

Litinin, da komawa gida

Na ƙara kwana. Da safe muka kai Barde wurin wani likitan dabbobi a Bron. Ya shafa na'ura, ta yi tit, ya duba haƙora da ƙugu ya ce tsufa ne da yunwa, amma zuciya garau. Ya cika takardar sauya mai shi, Zainabu ta sa hannu, muka kai takardar hawa na tara uban ya sa nasa da hagu. Aka soke lambar tarhona aka rubuta tata. Ni da na yi shekaru ina gudun dabbar nan, sai na ji wani iri. An shirya kullum in ta taso aiki za ta kawo Barde gindin bene a sauko da Malam Isufu, mutumin da ya yi watanni bai yarda ya bar bakin taga ba. Hajiya ta ce, "A ƙasa dai, a ƙasa." Na kira Madame Odile na gaya mata ta soke sunansa daga cikin masu jiran wa'adi. Ta sa na faɗa mata yadda ake rubuta zauna, wai za ta manna a bango ko Allah zai kawo musu wani baƙon.

Da yamma na hau jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu. Hanyar da muka yini muna rarrafe a motar Dogo, cikin awa biyu ya haɗiye ta. Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na fito Château Rouge, ina shan kwanar layinmu na ji Alhaji Mamman daga ƙofar kanti, "A'a, Mai Kare! An dawo?" Bakin Dogo ya riga jirgi isowa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Dogo da motarsa, da ƙafarsa da ta taka ni a lokacin da ya dace. Na gode wa Hajiya Rabi da tuwonta, da ɗaliban Bron duk da sunan da suka maƙala min, da Baturiyar da ba ta gaji da kiran lambar da ba a ɗauka ba.

Na buɗe ɗaki na tarar fitilar tarhon gida na ƙiftawa, an bar saƙo. Na danna tun ban cire takalmi ba.

"Baba Lawali. Ina... wuni. Ka sauka lafiya? Barde ya ci. Baba ya ci."

Muryar Zainabu ce, da Hausa. Can baya na jiyo wata murya mai nauyi tana jawo kalma a hankali, "Mun... gode."

"Mun gode," in ji Zainabu.

Na zauna a bakin gado na sake saurara, na kuma sakewa. Ko sau ɗaya ban yi dariya ba.